Karatun Gyaɗa Kai

A bencin mai faci na tarar da su, wani dattijo kafinta da wani direba, kowa na jiran tayarsa.

"Jami'a zan je in cire yarona daga abin da yake karantawa," in ji kafintan. "Likita na tura shi ya zama, ya ɓige da wai ilimin halayyar ɗan Adam."

"Su ne masu karanta zuciyar mutum, ko Baba?" in ji direban.

"Ina fa. Ko allura bai iya ba. Da ya zo hutu na zaunar da shi zan yi masa faɗa, sai ya gyara zama ya ce, 'Baba, ina jin ka.' Ya zuba mini ido yana gyaɗa kai."

"To, ka yi faɗan?"

"Na fara. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina ba shi labarin marigayiya uwarsa, da yadda abinci ya daina shiga tun rasuwarta. Har shayinmu ya huce."

"Yanzu fa, yana shiga?"

"Har da ƙari. Amma wannan karatu ne, Malam? Zama kawai da gyaɗa kai?"

Direban ya gyaɗa kai.

Kafintan ya harare shi. "Kai ma makarantarsu ka yi?"

Mai faci ya ce taya ta yi. Dattijon bai tashi ba.

"Bari dai ya gama wannan shekarar," ya ce. "Akwai maganar ƙanena da ban gaya masa ba tukuna."