Firjin Loretta

A wani gidan mai a bakin garin Yuma, muna kan layi, wata mata ta sauko ta ƙwanƙwasa gilashin wani dattijo mai motar kwana, irin mai ɗaki da kicin.

"Baba, firjin motarka mai aiki da gas a kunne yake, ina jin hucinsa. Kashe shi kafin ka zuba mai."

"Sauri nake, 'yata."

"Kowa sauri yake. Wuta ce ke ci a cikinsa, ga tururin fetur. So kake ka tashi da mu duka?"

"Shekara da shekaru muna yawo a motar nan, ba abin da ya taɓa faruwa."

"Don akwai mai kashewa ne. Wa ke kashewa?"

Dattijon ya yi ta buga sitiyari da yatsu.

"Matata, Loretta. Allurar ciwon sukarinta na ciki, ba ta son zafi."

"Ɗan lokacin shan mai ba zai ɓata ta ba. Kira ta ta kashe."

"Tana asibiti tun jiya, can na nufa." Na baya suka fara danna hon. "In na kashe, ban san yadda ake kunnawa ba. Ban taɓa tambayarta ba."

Matar ta ɗaga wa masu hon hannu.

"Buɗe min ƙofa, Baba. Amma ba ni zan taɓa ba. Kai za ka kashe, ka sha mai, mu matsa gefe ka kunna da hannunka. In ka isa, ka gaya mata ka iya."