Hanyar Gefe Ta Masu Keke Ce

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Ɗan'azumi na Gangara. Ban yi boko ba, maƙwabcina na sa ya rubuta, kuma a karanta yadda na faɗa.

Ranar kasuwar Jibiya na ɗauko ƙwan zabi a keke. Kusa da iyaka wani direba ya sauka daga kwalta don ya kauce wa shinge, ya biyo 'yar hanyar gefe da tayoyinmu suka fitar tun kafin a zuba kwaltar. Ya tura ni cikin ƙaya, ƙwai duk ya fashe. Har ya leƙo yana cewa, "Tsoho, je ka gida ka kwanta!"

Yanzu ɗiyana sun ce za su kulle keken. Wallahi ba mai kulle shi!

Masu sauraro, ni zan bar hanya ko shi?

Kai kuma direba, na gane ka, ɗan Hajara ne kai. Ranar da take naƙudarka babu mota a garinmu, a bayan keken nan na kai ta asibiti, ta wannan hanyar. Je ka tambaye ta. Kasuwa mai zuwa ina nan tafe, kuma ba zan kauce ba.