Rahoton da Ya Ce Babu Kowa

Talata. Aikin farko: share zauren taro kafin baƙi su iso. Aiki na biyu: karanta wannan jawabi.

Assalamu alaikum. Mai girma wakilin Gwamnan Soja, shugaban wannan taro Alhaji Siddiƙu, manyan ma'aikata, malamanmu, iyayenmu maza da ke kan kujeru, da iyayenmu mata da aka ajiye a bayan taga, ina gaishe ku duka.

Ni ne Tukur, magatakardan wannan Cibiya ta Bincike da Taimakon Yara Masu Lalura, wato yaran da magana ko fahimta ta zo musu a makare. Ban iya jawabi ba, rubutu na iya, shi ma ba sosai ba.

Da farko, godiya. Mun gode wa gwamnati da ta gina mana ɗakuna goma sha biyu a wannan zamani na arzikin man fetur, ta sa fanka a kowane ɗaki, har da ɗakunan da ba a taɓa buɗewa ba. Mun gode da motar da aka ba mu, wadda muke ganinta kullum tana wucewa.

Na biyu, bincike. Bara aka turo mana masana uku, duk maza, da takardun tambaya dubu biyu. Ni na raka su unguwannin Runjin Sambo da Minanata. Mukan tsaya a zaure mu yi sallama, maigida ya fito, mu ce: «Akwai yaro mai lalura a gidan nan?» Wani dattijo ya dube mu sama da ƙasa ya ce: «Ku da wa kunka zo? Gidan ga lahiya lau muke. Ku tambayi maƙwabci.» Muka tambayi maƙwabci, ya ce lahiya lau. Wata huɗu muna yawo, muka samu yara uku. Masana suka rubuta cewa Sakkwato ta fi kowane birni lafiya, aka ɗaure rahoton da bango mai kyau, ga shi nan a gaban shugaba. Bisa wannan rahoto ne aka yanke cewa a ƙarshen wata za a rufe ajinmu ɗaya tilo, a mai da shi ma'ajiyar siminti. Hukuncin daidai ne. Wa zai riƙe aji saboda yara uku?

Na uku, Malama Dorcas Irmiya, mai koyar da ajin. Ba ta da takardar tambaya, ba ta da mota. Abin da take da shi, ita mace ce, ana barinta ta wuce zaure. Ta shiga, ta zauna kan tabarma, ta taya surfe, ba ta tambayi kowa komai ba. Kwana uku, huɗu, sai uwa ta ce: «Malama, taho ki ga ɗiyata.» Haka ta rubuta sunaye arba'in da bakwai a littafin makaranta mai layi-layi. An ce ba za a karɓa ba, domin ba a kan takardar hukuma aka rubuta ba, kuma babu sa hannun maigida ko ɗaya. Wannan ma daidai ne.

Na huɗu, na daɗe ina shakkar faɗarsa, har sau biyu na soke shi na sake rubutawa. Takarda mai lamba ɗari biyu da shida ta gidana ce. Ni na yi tambayar, ni na amsa, ni na rubuta «babu». Ina da 'ya, shekararta goma sha uku. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Na ce wa kaina kunya ce irin ta iyaye, ban tabbata ita kaɗai ba ce. Uwarta Hajjo ce ke kawo ta ajin ta ƙofar baya, ni kuma ina ofis ina kallon takardu. A ajin nan ta koyi ɗaura zane da kanta. A ajin nan ta koyi cewa «ruwa» idan tana jin ƙishirwa. Kafin nan sai dai ta buga kai da bango.

Sunanta Dije. Dije Tukur. Ranka ya daɗe, a gyara rahoto: yanzu sun zama huɗu, da sa hannun maigida. Sauran arba'in da shida kuwa, ubanninsu na nan cikin wannan zaure, ga alƙalami a kan tebur.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya saka wa matan da ke bayan taga, Ya ba mu ƙarfin hali mu da ke kan kujeru, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.

Gobe:
1. Nemo takardun tambaya arba'in da shida.
2. Roƙon direban siminti ya jinkirta zuwa Litinin.
3. Shiga da Dije ta ƙofar gaba.