Jar Garkuwar Ofishin Alhaji Sadi

Ni'ima: Allô, salamu alaikum. Yaya Sharhabilu?

Sharhabilu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina wuni?

Ni'ima: Lafiya lau. Ya aiki? Ya Anti Rufaida da yara?

Sharhabilu: Duk lafiya. Ya mutanen unguwarmu ta Biafra? Ƙafar Inna fa?

Ni'ima: Da sauƙi. Yaya, kana ina?

Sharhabilu: Cikin gbaka, bas ɗin haya, mun maƙale a cunkoson motoci a Indénié. Ɗaga murya, ba na ji.

Ni'ima: Serveur ɗin nan ne, babbar kwamfutar da ka haɗa mana a ofishin Alhaji Sadi. Jar garkuwar nan, manhajar da ke tsaronsa, faɗuwa take yi. In ta faɗi, réseau ya rufe gaba ɗaya, ba a iya tura komai.

Sharhabilu: Haka na tsara ta, don kar ɓarayi su shiga. Kin kashe kin kunna?

Ni'ima: Sau shida! Takardun kwantena ba su tafi douane wurin 'yan kwastan ba, Alhaji kuma ya rantse ni na lalata. Ya ce in ya dawo daga la'asar bai ga ta tashi ba, in ajiye makulli.

Sharhabilu: Kwantar da hankalinki. Buɗe journal, inda take rubuta kurakurai, karanta min jan layin ƙarshe.

Ni'ima: Ya ce... date invalide.

Sharhabilu: Kwanan wata? Duba agogon da ke kusurwar allon kwamfutar.

Ni'ima: Daidai yake. Sha biyu ga Sha'aban, dubu ɗaya da ɗari huɗu da talatin.

Sharhabilu: Sha'aban? A serveur? Wa ya mayar da shi lissafin Hijira?

Ni'ima: Alhaji da kansa. Wani abokinsa daga Kano ya koya masa jiya, wai don ya riƙa ƙirga kwanakin azumi. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.

Sharhabilu: To ai shi ne! Manhajar, shekarar dubu biyu da tara ta sani. Ta ga an ja ta baya shekara ɗari biyar da wani abu, dole ta sume. Shiga options régionales, wurin saita kwanan wata... allô?

Ni'ima: Ina ji, yi sauri, na ji an sallame.

Sharhabilu: Zaɓi français, danna appliquer, ki sake kunna garkuwar.

Ni'ima: Na danna. Ta buɗe... ta yi kore. Yaya, ba ta faɗi ba!

Sharhabilu: Alhamdu lillahi. Tura takardun. Sannan ki gaya wa Alhaji kar ya ƙara taɓawa.

Ni'ima: Ni? In kalli tsabar idon Alhaji in ce shi ya lalata? Kai ka gaya masa, kai ne informaticien, masanin kwamfuta.

Sharhabilu: Unités ɗin da ke wayarki za su isa kiran?

Ni'ima: Saura minti ɗaya. Ga shi nan ya shigo, da baƙi biyu, agogon ya nufa kai tsaye. Yaya, bari in miƙa masa wayar...

Sharhabilu: Tsaya, Ni'ima, kar ki... Allô? Ina wuni, Alhaji? Allô?