Jiƙon Hajiya da Ƙodar Maigidana

Assalamu alaikum Malam. Daga Kawo nake rubutowa, amma a sakaya sunana.

Maigidana ya kwanta asibiti da korona. Da aka auna gishirin fitsarinsa, likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, ya hana shi kanwa da kowane irin jiƙo. Tun da aka sallamo mu, kullum mahaifiyarsa sai ta taso daga Rigasa da jiƙon jar kanwa, ta tsare shi sai ya shanye.

Na ce, "Hajiya, likita fa ya hana."

Ta ce, "Ke kika haifa mini shi?"

Shi kuma ba ya iya yi mata musu. Yau ƙafafunsa sun kumbura, ko takalmi ba ya shiga.

Masu sauraro, yaya zan yi? Malam, don Allah ka sa baki, Hajiya ba ta fashin shirinka.