Tayar Tarakta da Ƙafata ta Hagu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus, bakaniken tarakta a Maitumbi. Ban iya tsara magana ba, ku yi haƙuri da ni.

Da damina, manoman shinkafa a fadamar Wushishi sukan kira ni in ƙara wa tarakta tayoyin baya, su zama bibbiyu, don kada ta kafe a laka. In an gama huɗa sai in koma in cire, domin faɗinta ya fi ƙarfin hanya. Aikin mutum biyu ne. Ni kuwa ni kaɗai nake yi, mutane sun ishe ni tuntuni.

Wata rana na je cire taya, na hau da tayar ciki kan katako, ta waje ta ɗaga daga ƙasa, na kwance notuna. Ashe direban taraktar ya ɗura wa tayar waje ruwa don nauyi, bai gaya mini ba! Ina jawo ta, sai ta kwanto mini a ƙafar hagu. Wasu Fulani masu kiwo ne suka ji ihuna, suka ɗaga ta da gungume.

A asibiti likita ya ce in kumburin bai sauka ba, yankewa za a yi. Bakanike da ƙafa ɗaya! Na juya fuska bango. A cikinku mutum nawa ya zo duba ni? A bar maganar, ba ita ta kawo ni ba.

Matata Rifkatu ce ba ta gusa ba. Ta riƙe yatsun nan da suka yi baƙi, tana shafa su kamar na jariri. Ta ce, "Baban Dauda, yi addu'a mana."

Na ce, "Ke ki yi. Ni da shi ba ma magana."

Ta ce, "To yi masa faɗan, ai ka iya. Yana jin ka."

Na buɗe baki zan yi faɗa, kuka ya ƙwace mini. Abin da ya fito kawai, "Yesu, ka bar mini ƙafar nan."

Sai Rifkatu ta yi ƙara, babban yatsan ya motsa a tafin hannunta! Daga nan kumburi ya fara sauka. Ba a yanke ba. Ina ɗingishi, amma da ita na tako har gabanku yau.

Na gode wa Ubangiji! Duk wanda zuciyarsa ta yi ɗaci kamar tawa, kada ya jira sai ta yi sanyi. Ya kai masa ita haka nan, ya dogara gare shi. Haleluya!