Yaron da Aka Binne a Majigi

Iyayena mata da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni lokacin da kowa ya sake ni. Sunana Saratu, matar Ishaya, a barikin kuza na Riruwai nake zaune. Da yawanku kun san mijina, in ba ido da ido ba to a farin ƙyallen majigi. Ni kuwa ba a san ni da komai ba sai uwar yaron nan da ya mutu. To ɗana bai mutu ba. Abin da na zo faɗa ke nan.

Ishaya lebura ne, wankin kuza yake yi. Amma tun ina amarya na san jikinsa ba ya zama wuri ɗaya. Zai kwaikwayi tafiyar heluma, ya kwaikwayi Bature yana Hausa ta hanci, leburori su yi ta dariya har su saki kwanukansu a ruwa. Ran Kirsimeti shi ne Hirudus a wasan majami'a, yara na hango shi sai su shige zanen uwayensu.

Wani rani sai ga masu majigi da motarsu, suna neman wanda zai fito a hoton da za a nuna wa talakawa amfanin lamba, wato rigakafin agana. Kowa ya ce ga Ishaya. Aka ce ya zama mutum mai taurin kai, wanda ya ɓoye ɗansa a rumbu ranar da masu lamba suka zo, daga baya agana ta kama yaron ya mutu. Suna neman jariri. Daudana lokacin yana rarrafe.

Na ce, "Maigida, ba a wasan mutuwa da ɗan mutum."

Ya ce, "Ke dai ƙauyanci ne zai ƙarasa ki. Wasa ne fa! Ɗanki zai shiga duniya, har Ikko sai an gan shi."

Ina laɓe a jikin danga aka ɗiɗɗiga wa Dauda ƙullun gero a fuska, ya zama kamar ƙuraje. Abin da aka naɗe a tabarma aka sa a rami kuwa guntun icen gwanda ne, da idona na gani. Ishaya ya murza albasa a ido, ya faɗi bakin ramin yana birgima. Baturen da ya zo da masu majigin ya tafa masa. Da za su tashi suka tafi da shi Kaduna, wai akwai wani hoton na auduga.

Sau ɗaya ya leƙo mu, da malafa da sigari a baki. Ya ce shi da taɓon kuza har abada. Na yi masa maganar majami'a, ya ce hoto ba ya jiran Lahadi.

Bayan kaka aka kawo hoton Riruwai, aka kafa ƙyalle a fili da faɗuwar rana. Mai bayani yana ihu ta bututu, "Jama'a, ku dubi wawan uba!" Ana ta shewa. Amma da fuskar Dauda ta cika ƙyallen nan, aka nuna tabarma tana sauka rami, wurin ya yi tsit. Mata suka juyo gaba ɗaya suna kallon bayana, inda yake barci.

Daga ranar nan babu wadda ta sake ɗaukarsa. In ya nufi wajen yara sai a janye su. Wata ta ce da ni a bakin rijiya, "Ƙasa ta riga ta ga fuskarsa, Saratu. Ki dai yi haƙuri."

Wannan duk da sauƙi. Motar majigin nan ta zaga Tudun Wada, ta je Bebeji, ta je Kiru garinmu. Ina daka da hantsi sai na ji kururuwa daga ƙofar gida. Innata ce, ta sha hanya, ƙafa duk ta kumbura, ta zo mini gaisuwar mutuwa. Ta tarar da Dauda zaune yana tsotsar rake. Ta tsaya cak.

"Wannan ɗan wa ye?"

"Inna, jikanki ne mana."

"Jikana na ga an tura masa ƙasa. Duk Kiru sun gani. Har gida aka zo mini gaisuwa."

Na miƙa mata shi, ta mai da hannunta baya. Uwar da ta haife ni! Har ta koma ba ta kira sunansa ba.

Ni da na ga icen gwandan da idona, sai na fara shakkar idon nawa. Ko abinci nake ci sai in tashi in kara yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. Addu'a ta ƙi fita a bakina.

Sai baƙon dauro ya shigo bariki, ya kama shi. Ƙurajen suka feso a goshi da kumatu, daidai inda aka ɗiga masa ƙullun nan. Wayyo! Na aika wa Ishaya ta bakin direban motar kamfani. Direba ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce wai suna tsakiyar aiki, Bature ba zai jira ba. Mutumin da ya yi birgima a kan guntun ice, ɗansa na cikinsa bai samu ko taku ɗaya ba.

Na wanke farin zanena na shanya don likkafani, na zauna ina jira kawai.

A haka Iya Hannatu ta same ni, tsohuwar nan mai sharar majami'a. Ta dubi zanen, ta dube ni.

"Na mene ne wannan?"

"Iya, ai kowa ya gani."

"Ni ma na gani. Na kuma ga mijin naki ya zama sarki Hirudus, gari ya waye yana bin heluma da kwano a ka. Ke, tun yaushe ƙyalle ya fara yanke wa 'ya'yan mutane kwana? Miƙo shi nan."

Ta karɓe shi, da zafin jikin da ƙurajen da komai, ta manna shi a ƙirjinta. Rabon da hannun wani ya taɓa ɗana tun daren majigi. Ta ce in durƙusa. Ta ce, "Yesu, kai kaɗai ka shiga kabari ka fito, kai ka san wanda yake ciki da wanda ba ya ciki. Wannan yaro ba ya ciki. Ka gaya wa uwarsa." Iyakar addu'ar ke nan. Na fashe da kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Ita ta goya shi, muka ratsa ta tsakiyar kasuwa zuwa ɗakin magani, duk wadda ta kalle mu sai Iya ta ce, "Gaishe shi mana, Dauda ne." Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya sauka, ya nemi nono da kansa. Yabo ga Ubangiji!

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba, zuciyata ba ta huce ba. Ishaya yana can, an ce yanzu a ɓarawon auduga yake fitowa, ana ba shi dariya yana karɓa. Hoton nan kuma yana ta yawo, ko jiya wataƙila an binne mini ɗa a wani ƙauyen. Ku sa ni a addu'a in iya yafewa, don ni kaɗai na gwada na kasa.

Amma tsoron ya tafi, na gode wa Yesu. 'Yar'uwa, ko duk gari sun gama yi wa naki ta'aziyya, kada ki shanya zane, ki durƙusa tukuna. Ga Dauda can a cinyar Iya yana jan ɗankwalinta. In an tashi, kowace ta zo ta ɗauke shi ta ji nauyinsa. Amin.